Karan da Surukina Ya Auna Ni da Shi

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa kowa zai koma. Surukina, mahaifin matata, maƙerin garinmu da ke tsakanin Bakori da Tsiga, ya cika ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar wata uku. Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan. An naɗe tabarmin ƙofar gida, baƙi sun watse, ni kuma tsoro ya kama ni kada nan da shekara goma a riƙa tuna shi da cewa wani tsoho ne mai gyaran fartanya. Shi ya sa na zauna zan rubuta abin da na sani, ko da yake hannuna ya fi sabawa da sitiyari.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Mutum zai zo da fuskarsa a ɗaure, ya yi gaisuwa, a yi addu'a a shafa, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Ba za a jima ba sai wani ya tuno wata maganar marigayin, sai ka ga kafaɗu suna rawa, kowa yana ƙoƙarin haɗiye dariya. Sau biyu liman yana tsawatarwa, a karo na ukun kuwa shi ne ya fara.

Mata a cikin gida kusan kowace ta zo da labarin wuƙarta. Shekara ashirin ke nan duk yarinyar da za a kai ɗakin miji daga garin nan sai Baba, kamar yadda muke kiran marigayin, ya ƙera mata wuƙar girki daga karyayyen sifirin mota, ya aika da ita cikin kayan ɗaki ba tare da an roƙe shi ba. Malamin cocin Tsiga ya zo da mutanensa a kan kekuna, ya ce ƙararrawar da suke bugawa ran Lahadi ma guntun ƙarfe ce da Baba ya rataya musu a bishiya. Sai da ya gwada guda uku kafin ya sami wadda muryarta ba ta yi kama da ta makaranta ba, don kada yara su ɗauko allo ranar hutu. Akwai kuma makaniken Funtuwa, Bayerabe haifaffen can, wanda ya fi ni iya Hausa. Shekara goma suna rigima da Baba a kan wuta. Shi yana gasa sifirin ya lanƙwasa shi ya tsoma a ruwa, Baba kuwa yana cewa wuta tana kashe wa ƙarfen zuciya, kuma duk sifirin makaniken da ya karye a hanya sai Baba ya aika masa da guntun a ƙunshe kamar tsaraba. Mutumin nan ya zauna kusa da ni ya ce yanzu ba shi da mai zaginsa a duniya, ya rufe fuska da hula ya yi ta kuka.

Ana cikin haka wanzamin garinmu ya gyara murya. Siriri ne ƙwarai, in ya juya gefe sai ka neme shi. Ya ce shi dai a yafe masa, domin shi ne ya kusa rufe maƙerar marigayi tun shekara bakwai kafin ajali ya rufe ta. Jama'a duka suka juyo suna kallona. Baƙi ba su gane ba, 'yan gari kuwa suka kwashe da dariya, domin sun san laifin ba na wanzami ba ne, nawa ne.

Dole in fara da faɗin yadda nake. Allah ya yi ni da jiki. An ce ranar da iyayena suka je neman auren 'yarsa, Baba ya amsa musu da fara'a, sannan ya ce abu ɗaya yake roƙo, in zan zo gaisuwa in taho da kujerata. Amma wannan a bakin mutane na ji shi, domin tsakanina da shi babu wasa. Shekara bakwai da aure ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Takalmina tun daga bakin rijiya nake cire su. In ina tuƙi na hango shi a hanya, ko daga nesa ne, sai in taka birki in sauko in durƙusa har ya wuce, fasinja suna ta tsaki a baya. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Mai mota yake ce mini, kuma ba ya yi mini magana kai tsaye. Ina durƙushe a gabansa zai dubi bango ya ce a gaya wa mai mota an gode da goro.

Motar kuwa ni da yayana muka saye ta a gwanjon mutanen auduga a Funtuwa, shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Tsohuwa ce tun a lokacin, mai rufin tamfol, irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja, shi ya sa take shiga ƙauyukan da babbar mota ba ta ko leƙawa. Buhun dawa, ƙunshin auduga, mai naƙuda, amarya da 'yan rakiyarta, ba abin da ba ta ɗauka. Da ta shekara a hannuna sai sifirinta suka kwanta. Ga wanda bai sani ba, sifiri wasu fallayen ƙarfe ne da aka jera ɗaya kan ɗaya, dogon a sama, gajeru a ƙasa, an lanƙwasa su kamar baka, kuma a kansu jikin mota yake zaune. Nawa sun miƙe sumul. Ko ƙaramin rami na faɗa sai ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe, tsofaffi a baya suna salati.

Sababbi sai an aika Kaduna an jira wata da watanni, ga damina ta ƙarato. Makaniken Funtuwa ya ce in kai wa surukina, shi ya gaji da karɓar tsaraba. Ni ba zan iya buɗe baki in sa surukina aiki ba, don haka na gaya wa matata, ta gaya wa Inna, mahaifiyarta, Inna ta gaya wa Baba. Amsa ta biyo hanyar da saƙon ya bi: a kawo ta da safe.

Na kai ta gindin durumin da ke ƙofar maƙera, inda wanzami yake aski, mutane uku ko huɗu suna zaune a kan wani kututture suna jiran layi. Baba ya fito ya zagaya motar sau uku bai taɓa ta ba. Ya tambayi bango me take ɗauka, aka ba shi amsa. Ya tambaya ina tankin mai yake, na ce wa ƙasa yana ƙarƙashin kujerar direba, a hannun dama. Ya gyaɗa kai. Yana da wata magana da kowane direba a yankin nan ya sani, cewa shi ba mota yake aunawa ba, mai ita yake aunawa. Dalilinsa shi ne kaya suna sauyawa kullum, amma direba yana nan a gefe ɗaya har motar ta mutu, saboda haka dole sifirin gefensa su fi na ɗaya gefen lanƙwasa daidai nauyinsa. Ba ya amfani da ma'auni. Karan dawa yake ɗauka da wuƙa, ya shiga ƙarƙashin mota, direba ya hau ya zauna, shi kuma ya yanke karan daidai ratar da ta rage tsakanin jikin motar da ƙarfen da ya haɗa ƙafafunta. Duk wannan daga baya na fahimce shi. A ranar na ɗauka wata al'ada ce kawai ta tsofaffi.

Ya shimfiɗa buzunsa, ya kwanta rigingine, ya ja jiki har ya shige ƙarƙashin gefen direba, ƙafafunsa kawai ake gani. Sai muryarsa ta fito daga can: «A hau a zauna.»

Na tsaya riƙe da ƙofa. Kujerar nan tana daidai saman fuskarsa. Wato ni, da wannan jiki nawa, in ɗora mazaunaina a kan mutumin da ya ba ni 'yarsa, da rana tsaka, a gaban mutane. Na waiwaya na dubi wanzami, shi ma ya dube ni, kuma ya gane, kamar yadda duk wanda aka haifa a ƙasar nan zai gane. Ya ajiye aska, ya bar mutum da rabin kai, ya zare takalmi ya hau a hankali ya zauna a kujerata. Ni kuma na lallaɓa na haye kututturen nan don kada Baba ya hango ƙafafuna a ƙasa. Ba wanda ya ga aibin abin. Wani dattijo ma har ya gyaɗa mini kai, alamar an yi mini tarbiyya.

Can sai muka ji Baba daga ƙarƙashin mota ya ce, «Ikon Allah. Ashe duk iska ce. A gaya wa ɗiyata ta ƙara hannu a tuwo.»

Aka yi dariya, ni ma na yi. Muka ji ƙarar wuƙa ta yanke kara. Kafin ya ja jiki ya fito, wanzami ya koma kan askinsa, ni kuma ina durƙushe a bakin ƙofar mota kamar yanzu na sauko.

Kwana biyu ya yi yana aikin, kuma duk wanda ya gan shi a kwanakin nan ya ga maƙeri. Ni na kwance sifirin na wanke su da kalanzir, na jera masa. Ya share daɓen maƙera, ya ɗaura gawayi a bakin igiya ya zana lanƙwasar da yake so a ƙasa, ta hagu daban, ta dama daban, yana gwada ta daman da karansa. Yana da guntayen ƙarfen dogo biyu da ya kafa kusa da juna da 'yar rata a tsakani. A kansu yake ɗora falle, ba wuta ba komai, ya dake shi da masaba daidai kan ratar, ya matsar da shi faɗin yatsa biyu, ya sake duka. Ba ya dukan wuri ɗaya sau biyu. In ya kai ƙarshe sai ya ɗora fallen a kan zanen gawayi, ya karkata kai ya duba, ya mayar. Kowane falle da sunansa. Doguwar mai ido biyu ita ce uwa, mai bi mata 'yar fari, har zuwa ɗan guntun ƙasa, wanda yake kira auta yana yi masa faɗa cewa shi ya fi kowa taurin kai. Ya ƙara wa kowane gefe falle ɗaya daga wata matacciyar babbar mota, ya shafe tsakaninsu da man kaɗanya da ya cuɗa da baƙin mai. Yana yi yana 'yar waƙarsa ta maƙera a ciki-ciki, wadda Inna ta ce shekara arba'in tana ji ba ta taɓa kama kalma ɗaya ba.

Da a ce yana nan aka ɗaura su, da asirina ya tonu a ranar, an wuce wurin. To, sai ya hau jakinsa ya tafi Dayi sunan jikan ƙanensa, ya bar ni da ɗaurawa. Na ɗaura, na sauke jak ɗin da ya ɗaga motar, na ja da baya na duba. Motar ta miƙe tsaye kamar sabuwa, har na ji ƙwalla. Na buɗe ƙofa na zauna, sai ta kwanta dama.

Na ce wa kaina za ta daidaita in ta sha hanya. Ba ta daidaita ba. Ranar kasuwar Bakori na shiga da ita a karkace, buhuna suna gangarowa gefe ɗaya, wata Bafulatana ta yi asarar rabin nononta a cinyar wani malami. Kafin la'asar an raɗa mata suna Mai Ɗingishi. Direbobi suka zagaye ta a tasha suna tambaya aikin wa ne, da suka ji sai wani ya ce ai shekaru ba wasa ba ne, idon tsoho ya fara tafiya. Ina tsaye a wurin, na ji da kunnena, kuma ban ce komai ba. A duk abin da ya faru, wannan shirun ne har yau nake jin kunyarsa.

Baba ya dawo ya tarar da maganar ta riga shi gida. Ya fito bakin hanya don ya gani da idonsa. Ni kuwa da na hango shi sai na yi abin da na saba, na taka birki na sauko na durƙusa, motar ta miƙe tsaf. Ya dube ta, ya ga ba ta da aibi, ya koma. Sau uku ana haka. Gari duka yana cewa a karkace take, shi yana ganinta daidai, kuma waɗanda suka san dalili duk akwai hannunsu a ciki, ba mai iya magana. A rana ta huɗu ya laɓe bayan rumbun maƙwabcinsa har na wuce ban gan shi ba. A nan ya ga Mai Ɗingishi da idonsa.

Inna ce ta ba matata labarin abin da ya biyo baya. Ya shiga maƙera ya zaro karan daga cikin rufi, ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ce mata tunda yake kara bai taɓa yi masa ƙarya ba, saboda haka hannun da ya yanke shi ne ya lalace, ko idon da ya duba. Ya ce fartanya in ta karkace gona kawai za ta ɓata, amma mota a karkace a kan laka mutane za ta zubar a rafi, kuma shi ba zai jira sai ya kashe wani kafin ya san ya tsufa ba. Ya yayyafa wa wutarsa ruwa, ya rataye zugazugi, ya jawo asabari ya rufe ƙofar. Saura kamar mako biyu ruwa ya sauka, manoma suna ta zuwa da garemani da fartanyu, yana ce musu su kai Bakori.

Na sami matata na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta tuna ubanta ne, ta daina. Na roƙe ta ta gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba, yadda muka saba. Saƙon ya tafi ya dawo a ranar. Inna ta ce ta kai saƙon goro, ta kai na aiki, amma wannan ba za ta kai ba, domin ba ita ta hau kututture ba. Na nemi wanzami ko zai raka ni, aka ce ya tuna yana da askin suna a wani ƙauye bayan Malumfashi, kuma da alama jaririn nan gashinsa da yawa, don kwana shida bai dawo ba.

Kwana goma sha ɗaya maƙerar tana rufe. Kullum in na wuce sai in ga Baba a ƙofar zaure, hannuwansa a kan gwiwa ba abin da suke yi. Mutumin da ban taɓa gani ba tare da baƙin gawayi a tafinsa ba, ga hannunsa fes kamar na mai jego. Abin da ya karya ni wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, wadda kowace shekara ita yake fara gyara wa fartanya kafin kowa. Ta zo ta durƙusa ta miƙa masa, ya kau da kai ya ce ta yi haƙuri. Na bi ta da kallo tana tafiya da fartanyar a ka, ta nufi hanyar Bakori a ƙasa. Da aka idar da la'asar na cire takalmi a bakin rijiya, na shiga zauren.

Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa bango. Na ce ina da magana. Na fara ta nesa, ina kewaye-kewaye, har dai na ce ranar da aka yi awo ba ni ne a kan kujera ba.

Sannan ya juyo, karo na farko a shekara bakwai, ya dube ni.

«Wa ya zauna?»

«Wanzami, Baba.»

«Wanzamin nan namu?»

«Shi.»

«Kai kana ina?»

«Ina kan kututture.»

Na ga gemunsa ya fara rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya yi dariya har ya kwanta a kan buzu, har tari ya sarƙe shi, hawaye suna zuba, yana cewa shi fa ya yi mamaki, ya ce wannan bawan Allah ko auduga aka cusa masa. A bayan ƙofar cikin gida na ji Inna ita ma tana yi. Na fara murmushi, na ɗauka an gama. Sai ya tashi zaune ya share ido, fuskarsa ta sauya.

«Mai mota, dube ni nan. Ka gwammace in mutu ina zargin idona da ka zauna a kaina na minti ɗaya? Kunyar da za ta kifar da mutane a rafi ba ladabi ba ce. Ni na ba ka ɗiyata, na san nauyinka na ɗauka.»

Ban taɓa jin faɗa mai daɗi irin wannan ba. Kai yake ce mini, ba bango ba. Na fita daga zauren ina kuka ina dariya, na manta takalmina a bakin rijiya har washegari.

Da safe ya sa aka yi shela cewa maƙera ta buɗe, kuma duk mai son kallo ya zo gindin durumi. Wanzami ya dawo a daren da ya gabata yana zaton ƙura ta lafa, aka je har gida aka taho da shi. Baba ya shimfiɗa buzu a gaban rabin gari, ya shige ƙarƙashin mota da sabon kara, ya ɗaga murya ya ce, «Mai mota, hau.» Na hau. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na zauna, motar ta yi wani nishi ta kwanta, kowa yana jira.

«Alhamdu lillahi,» in ji murya daga ƙasa. «Ɗiyata ba ta yi ha'inci ba.»

Ya fito ya ɗaga kara biyu sama, na wanzami da nawa, kowa ya gani. Nawa ya gaza da faɗin yatsa uku. Ya bi direbobin da suka zo kallo ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu, yana tambaya ko har yanzu idon tsoho ne ya tafi. A ranar ya sake dukan na dama, ya ƙara masa falle. Hukuncinmu kuwa, wanzami ya yi kwana uku yana zuga wuta, ni ina riƙe da babbar masaba, har muka gama da tulin garemanin da suka taru. Da fartanyar tsohuwar nan aka fara, ni na je Bakori da mota na karɓo ta.

Tun daga ranar, in motata tana tsaye ba kowa a ciki, sai ka ga ta ɗan ɗaga kafaɗar dama. Baƙo yakan ce a karkace take. Baba yana son wannan ƙwarai. Sai ya ce wa baƙon ya dakata, ya aika a kira ni ko ina cin abinci, in zo in zauna, motar ta daidaita tsaf, shi kuma ya dubi baƙon kawai. Ya hana ni sauka in na gan shi a hanya, ya ce duk lokacin da na sauko ina ɓata masa aiki a idon jama'a, in ɗaga hannu kawai in wuce. Sai da aka shekara kafin na iya sa hannu a akushi ɗaya da shi, kuma a ranar ya ƙirga lomata da baki. Kowace shekara bayan kaka yakan kira ni ya sake auna ni, ya ce yana duba ko ɗiyarsa tana nan a kan gaskiya. Da Inna kam ban sauya ba. Ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa neman in sha ba.

Shekara bakwai ya ƙara yana aiki bayan wannan, kuma ban san iyakar motocin da suka tsaya a gindin durumin nan ba. Da ciwo ya kama shi, ni na riƙa kai shi asibiti a Malumfashi ina dawo da shi, yana kwance a baya a kan katifa. A tafiyarmu ta ƙarshe ina tuƙi a hankali, ina jin numfashinsa, sai ya buga jikin mota da yatsa. Na tsaya da sauri na zagayo. Ya ce falle na uku a baya ta hagu yana kukan mai, kada in bari ya kai damina.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sa aikin hannunsa ya zame masa shaida. Allah ya ba Inna haƙuri, da mu duka da ya bari.

A wata ukun jinyar nan abinci ya fita raina, bayan rasuwar kuma abin ya ƙaru. Ban lura ba sai da na ga ina ƙara wa mazagin wandona ƙulli. Jiya aka yi sadakar arba'in, na yini ina mayar da baƙi, wasu Tsiga, wasu Dayi. Yau da safe na zo na tsayar da mota a ƙofar gidan, ina zaune a ciki ina kallon asabarin maƙera, sai aka ce Inna tana kira. Tana takaba, ba ta fita, amma ashe ta leƙo ta tsakanin danga.

Na shiga na durƙusa daga nesa. Ta turo mini wani tsumma a ƙunshe. Na buɗe, sai ga kara biyu, dogo da gajere, sun yi baƙi da hayaƙin shekara bakwai. Ta ce a cikin rufin maƙera ya soke su, kuma ya ce in ya tafi a ba mai mota. Sannan ta turo akushi, ta buɗe faifan da kanta. Tuwon dawa ne da miyar kuka, yana tururi.

«Na ga motar ta ɗaga kafaɗa kana ciki,» in ji ta. «Zauna ka ci. Kada ka ɓata wa mutumin nan aiki.»

Shekara goma sha huɗu ban taɓa kai loma baki a gabanta ba. Na gyara zama, na wanke hannu, na ci ina share hawaye da bayan hannu, tana zaune tana kallona. Da na cinye na ce alhamdu lillahi, ta leƙa akushin, ta leƙa ni, ta ƙaro malmala ɗaya.